Kai Yara Umra a Lokacin Zafi: Jan Hankali ga Iyaye Masu Koyar da 'Ya'yansu a Gida

A 'yan shekarun nan an samu magidanta da suka ɗauke wa 'ya'yansu zuwa makaranta, suna koyar da su a gida, ko su da kansu ko ta hannun malamin da suka ɗauko. Irin waɗannan iyaye sukan so su kai yaran Makka da Madina, domin abin da aka karanta a littafin Sira a gan shi da ido. Niyya ce mai kyau. Sai dai akwai wata dama a hannunsu da yawancinsu ba sa amfani da ita: babu wani shugaban makaranta da ya yanka musu ranar hutu. Mai ɗa a makaranta yakan jira dogon hutun Yuli zuwa Satumba, wanda ya faɗo daidai lokacin da Hijaz ke tafasa. Kai kuwa da allonka da littafinka ke cikin jaka, me ya hana ka bari sai Disamba ko Janairu?

Wani zai ce, "Ai mu 'yan zafi ne, wace rana ce ba mu gani ba a Sakkwato ko Maiduguri?" To, a lura. Zafinmu na bazara ne, Maris zuwa Mayu. A watan Agusta muna tsakiyar damina, jiki ya saba da lumshi da sanyin ruwa. Daga nan ne za ka ɗauki yaro ka sauke shi a Jidda cikin 'yan awoyi, ka wuce da shi garin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 kusan kullum. A aikin Hajjin 2024, wanda ya zo a watan Yuni, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301. Manya ke nan, masu bakin cewa suna jin ƙishirwa.

Yaro ba haka yake ba. Jikinsa ya fi saurin ɗaukar zafi, ba ya gumi kamar babba, in wasa ya ɗauke masa hankali kuma ba zai nemi ruwa ba sai ya galabaita. Saboda haka kada a jira ya roƙa; a riƙa miƙa masa yana kurɓa, Zamzam kuwa ga shi nan ko'ina a Harami. Uwa ta sa ido kan fitsarinsa. Idan ya yi ƙaranci ko ya yi duhu, ko yaro na kuka babu hawaye, ko idanunsa suka zurma, ko maɗigar jinjiri ta faɗa, ruwan jikinsa ya ragu ke nan. A haɗa masa ruwan gishiri da sukari na fakiti, wanda ya kamata a saya tun daga gida. Jinjirin da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi, sai dai a yawaita ba shi. In kuwa jiki ya yi zafi rau, yaro ya fara sambatu ko ya sume, a kai shi inuwa, a tuɓe masa kaya, a jiƙa shi da ruwa, a kira motar asibiti ta lamba 997.

Akwai wani abu da ke tayar mini da hankali. Uwa ta goya ɗa da zani, ta ɗaure da majanyi, ta zumbula dogon hijabi mai kauri ta rufe shi ruf, ta shiga rana. Jikinta na ba shi zafi ta gaba, hijabin ya hana shi iska ta baya, ita kuma tana murna ya yi shiru. Wannan shirun ba kullum ne barci ba. A fito da kansa waje, ko uba ya karɓe shi ya saɓa a kafaɗa ƙarƙashin lema.

In tafiyar ta zama dole a cikin zafi, sai a juya yini. Ɗawafi da Sa'ayi a yi su bayan Isha'i ko kafin Asuba. Kai-komo bakwai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita 3, ba ƙaramin aiki ba ne ga ɗan shekara biyar, don haka a hau bene inda ake tura keke. Farin dutsen da aka shimfiɗa a filin ɗawafi daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka aka kawo shi, ba ya ɗaukar zafi sosai, amma kwalta da daɓen waje suna ƙona tafin ƙafa. Takalmin yaro ya zauna a jakarka, kada a bar shi a bakin ƙofa. Daga hantsi zuwa La'asar a zauna a masauki, nan ne lokacin darasi da ƙailula. Kada uba ya ji kamar ya yi asarar lada don bai fita Harami da tsakar rana ba: Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin Manzon Allah (SAW) na jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta.

Hawa Dutsen Nur don ganin Kogon Hira a bar wa manya. Uhudu da Masallacin Kuba a je su da sassafe, a dawo a sa yaro ya faɗi abin da ya gani da bakinsa, ko ya zana shi. Tsakanin Makka da Madina, kimanin kilomita 450, jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 yana yinsa cikin awa biyu da ɗoriya, ya fi wa yara doguwar tafiyar mota. Mai hali ya kwana biyu a Ɗa'ifa, garin kan duwatsu, inda iska ke da sauƙi.

Kafin a tashi, a duba katin rigakafin kowane yaro: shawara, sanƙarau da shan-inna, domin ana neman shaidarsu ga matafiya daga Najeriya da Nijar. A kuma rubuta sunan masauki da lambar wayar uba a ɗan kati, a maƙala wa kowane yaro a riga.