Yadda ake gano inda kuɗin shago ke zurarewa

Kukan da aka fi ji daga bakin 'yan kasuwa, a Kantin Kwari ne ko a Singa ko a kasuwar Maraɗi, bai wuce wannan ba: ana ciniki, kaya na fita, amma kuɗi ba sa zama. Da mutum ya furta haka sai masu shawara su yi masa ca. Wannan ya ce yaran shago ne, a sallame su. Wancan ya ce a sa kyamara. Wani ya ce baki ne, wani kuma ya ce a ciwo bashin banki a ƙara jari. Duk cikinsu babu wanda ya tambayi kwali nawa ne a sito. Ƙwararrun da ake biya musamman domin su duba harkar kamfani su ba da shawara ba sa farawa da zargi ko da neman ƙarin kuɗi. Da kallo da ƙirga suke farawa, kuma mai shago ɗaya ma zai iya bin hanyarsu ba tare da ya biya kowa ba.

An gwada wannan a zahiri. Masu bincike daga Jami'ar Stanford da Bankin Duniya sun tura ƙwararrun kamfanin Accenture zuwa wasu masaƙu da ke kusa da birnin Mumbai a Indiya, suka buga sakamakon a 2013. Ba sabon inji aka kawo wa masaƙun ba. An koya musu rubuta yawan zaren da ke sito, da rubuta kowane aibi da ya fito a jikin yadi, da duba injina kafin su lalace, da kwashe tarkace daga wurin aiki. A shekarar farko abin da suke samarwa da ƙarfin aiki iri ɗaya ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Masu masaƙun nan sun daɗe a sana'arsu, amma da yawansu ba su da cikakken lissafin abin da ke jibge a ɗakin ajiyarsu.

Matakin farko shi ne a zauna a shagon a yi kallo, daga buɗewa har rufewa, ba tare da an tsawata wa kowa ko an gyara wa kowa ba. Ana ba da labarin Taiichi Ohno na kamfanin Toyota cewa yakan zana da'ira da alli a ƙasan masana'anta ya ce ma'aikaci ya tsaya ciki ya yi ta kallo har sai ya ga ɓarnar da idonsa ya saba tsallakewa. Gani ya kori ji. A riƙe ƙaramin littafi a rubuta hannu nawa ne ke shiga durowar kuɗi, wa ke rubuta rasit, wa ke riƙe da makullin sito, wa ke duba alat idan an yi taransifa, da kuma kayan da suka fita ba a rubuta ba. Kwana biyu ko uku sun isa, amma a haɗa da ranar da kasuwa ta fi cika.

Daga nan sai a raba aljihun maigida da durowar shago. Wannan magana ce da ba a son ji, domin sau da yawa hannun da ya fi kowanne ɗiban kuɗin shago na mai shagon ne: kuɗin cefane da safe, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki, man mota, ihsani ga wanda ya zo gaisuwa. Babu haram ko ɗaya a ciki, dukiyarsa ce. Matsalar ita ce ba a rubutawa, sai ƙarshen wata a ga giɓi a fara hararar yaron shago. A Jamhuriyar Dominika an taɓa raba ƙananan 'yan kasuwa rukuni-rukuni, aka koya wa wasu darasin akanta irin na makaranta, wasu kuma aka ba su ƙa'idoji masu sauƙi kamar ajiye kuɗin kasuwa da na gida a wurare daban da yanka wa kai albashi. Waɗanda aka ba ƙa'idoji masu sauƙin su ne suka fi gyara lissafinsu. Saboda haka maigida ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka duk mako, ya buɗe wa shago asusunsa na daban, ko a banki ko a irin su Moniepoint da OPay, kuma injin POS ya zama a kan wannan asusun kaɗai yake zuba kuɗi. In larura ta sa ya ɗebi ƙari, ya rubuta da hannunsa cewa ya ranta. Yaran da suka ga maigida na rubuta naira dubu biyu da ya ɗauka ba sai an yi musu dogon wa'azi ba.

Littafi kuwa a sayi dogo mai murfi mai ƙarfi, a sa wa shafukansa lamba, a yi rubutu da biro. Kada a yarda da fensir, kada a yarda da bayan kwali ko 'yar takardar da ake soke wa a ƙusa. In an yi kuskure a ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, ba a yage shafi. Kuɗin littafin bai kai na abincin rana ba. Mai kwamfuta ya zuba lissafin a Excel da yamma, amma manhaja ba ta gyara lissafin da ba a rubuta ba tun farko, kuma waɗanda ke gaggawar sayen manhaja mai tsada kafin su iya riƙe littafi yawanci sukan ƙare da babu littafin babu manhajar.

Ƙidayar kaya ita ce matakin da ya fi cin rai, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke ɓata aikin. Lissafinta ba wuya. Abin da aka tarar a ƙidayar farko, a haɗa da abin da aka saro bayanta, a cire abin da aka sayar, shi ne abin da ya kamata a tarar a ƙidaya ta biyu. Bambancin da ke tsakanin wannan adadi da abin da ido ya gani shi ne giɓin da ake nema. Wahalar tana wajen samun ƙidaya ta gaskiya.

A yi ta shago na rufe, ko bayan an tashi ko da sassafe, domin in ana ƙirga ana sayarwa adadin ba zai taɓa tsayawa ba. Mutum biyu ake buƙata, ɗaya na ƙirga ɗaya na rubutu, kuma mai ƙirga kada ya san adadin da ke littafi. In ya san littafi ya ce kwali 40, idonsa zai nuna masa 40 ko da 38 ne, ba don rashin gaskiya ba, haka zuciya take. Mai kula da sito ya tsaya a wurin ya nuna kaya, amma ba shi zai ƙirga kayan da ke hannunsa ba. A bi kanta-kanta daga ƙofa zuwa ƙurya, duk inda aka gama a sa alama da alli. Kwalin da aka taɓa buɗewa a zazzage shi, na can ƙasan jeri kuma a ɗaga a ji nauyinsa, don kwalin da babu komai ciki ma yana zama daram a ƙarƙashin 'yan uwansa.

Sannan a tsayar da ma'auni ɗaya. In an saro a kwali ana sayarwa a dozin da ɗaiɗai, a mayar da komai ɗaiɗai kafin a fara haɗawa da cirewa, in ba haka ba sai a wayi gari ana rigima a kan giɓin da babu shi. Akwai kuma kaya iri huɗu da ke rikita ƙidaya a kasuwanninmu, kowanne a ba shi shafinsa. Akwai kayan dila da aka karɓa sai an sayar a biya. Akwai kayan da mai saye ya biya ya bar su ajiya. Akwai waɗanda aka karɓo daga maƙwabcin shago domin kada mai saye ya tafi, da waɗanda maƙwabci ya karɓa a nan, kuma wannan aron na tsakanin maƙwabta shi ne aka fi mantawa, domin da baki ake yin sa cikin hayaniya. Na huɗu su ne waɗanda suka lalace ko wa'adinsu ya wuce. Waɗannan a fitar da su gefe a rubuta su a matsayin asara, kada a bar su a kanta suna ƙara wa jari ƙiba ta ƙarya.

Ba dole ba ne a ƙirga shago gaba ɗaya kowane mako. Joseph Juran, masanin ingancin kaya a masana'antu, shi ya yaɗa ƙa'idar da ya raɗa wa sunan masanin tattalin arziki ɗan Italiya Vilfredo Pareto, cewa 'yan abubuwa kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan sakamako. A shago ma haka ne, kaya iri goma ko sha biyar ne ke kawo yawancin ciniki. Su za a riƙa ƙirgawa duk mako. Sauran a bar su zuwa ƙarshen wata uku, babbar ƙidaya kuma a haɗa ta da lokacin fitar da zakka, tunda dama sai an ƙiyasta kayan kasuwanci kafin a cire ɗaya cikin arba'in.

In ƙidaya ta fito daidai amma har yanzu kuɗi ba sa zama, sai a duba farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a kasuwar canji, farashi ya yi ta hawa, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A irin wannan yanayi mai sa farashi bisa yadda ya saro jarinsa yake ci. A ce ya saro kwali a kan naira 20,000 ya sayar 22,000, yana murna ya ci ribar 2,000. Ya koma wurin dila ya tarar kwalin ya zama 23,000. Wanda ya sayar da kwali 100 yanzu kuɗinsa 95 kawai za su sayo, in ma bai taɓa sisi ba. Farashin da za a dogara da shi shi ne na mayar da kayan kanta a yau, a ɗora kuɗin mota da na 'yan dako da rabon haya da man janareta, sannan a ɗora riba. Kiran dila a waya da safe kafin a buɗe shago ya wadatar. A kuma kula da wani ruɗi: wanda ya saya 1,000 ya sayar 1,250 ya ɗora kashi 25 a kan sari, amma ribarsa kashi 20 ce ta kuɗin da ya shigo. In ya yi wa mai saye ragin kashi 20 don yana ganin yana da 25, ya sayar a yadda ya saro.

Bashi kuwa ba a hana shi a kasuwa, ana dai rubuta shi. Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa ta sauka, don haka babu kunya a ce wa ɗan uwa ko aboki ya sa hannu. Kowane mai bashi shafinsa, da ranar karɓa da ranar biya. A jera su bisa daɗewa: na ƙasa da wata ɗaya, na wata ɗaya zuwa uku, da wanda ya haura. Na rukunin ƙarshe ba a ƙara masa kaya sai ya rage na baya, kuma maigida ne zai faɗa masa da bakinsa, ba yaro za a tura ba. Taransifa ma ba ta zama biya sai an ga kuɗin a asusun shago. Hoton rasit a wayar mai saye ba shaida ba ce.

Idan an gano giɓi, kada a tsaya a amsar farko. A Toyota ana maimaita tambayar dalili har kusan sau biyar kafin a yarda an kai tushe. Kwalin sabulu uku sun ɓace. Me ya sa? An fitar da su daga sito ba a rubuta ba. Me ya sa? Mai rubutu ya tafi banki. Me ya sa shi ne ke zuwa banki? Shi kaɗai aka amince wa. Me ya sa babu mai riƙe littafin in ya fita? Ba a koya wa kowa ba. Ga shi an tashi daga neman ɓarawo an sauka a kan koya wa yaro na biyu rubutu. Wani lokaci tambayar kan kai ga sata ta gaske, amma a lokacin akwai hujja a hannu. Yaran shago a tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, ba a gaban maigida ba, kuma da tambaya irin ta "Malam Sani, me ya fi ba ka wahala a aikin nan?" Sun san inda ɓarakar take tun da daɗewa, ba a taɓa tambayarsu ba ne.

In mai binciken ɗa ne ko akawu da zai kai wa maigida bayani, ya bi shawarar Barbara Minto, wadda ta koyar da rubutun rahoto a kamfanin McKinsey: a fara da amsa, hujjoji su biyo baya. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Alhaji, kuɗin suna maƙale ne a bashin mutum shida, ga sunayensu ga adadin," maimakon ya kwaso labari tun daga ranar da ya fara ƙirga. Shafi ɗaya ya isa, kuma a keɓe za a miƙa shi, ba a gaban yara ko maƙwabta ba, musamman in aljihun Alhajin na cikin abin da aka gano. A zaɓi gyara ɗaya ko biyu kawai, a faɗi wanda zai yi da ranar da za a fara. Bayan mako huɗu a sake ƙirga kaya goma sha biyar ɗin nan, da mutanen da suka yi ta farko da kuma ma'aunin da aka yi amfani da shi, a ajiye adadin biyu kusa da juna. In giɓin ya ragu a ɗauki gyara na gaba, in bai motsa ba a koma kan tambayar dalili daga inda aka tsaya.