Darasi: Dattijon da Aka Ƙi Shawararsa

Karatu: II Sama'ila 17:1-23, I Sarakuna 19:1-21.

Ahitofel, mutumin Gilo, mashawarcin Sarki Dawuda ne, amma ya bi Absalom cikin tayarwa. Sa'anda aka ƙi shawararsa aka karɓi ta Hushai, sai ya koma garinsu, ya daidaita al'amuran gidansa, kana ya kashe kansa. Littafi bai ambaci ko mutum ɗaya da ya tambaye shi damuwarsa ba.

Annabi Iliya kuma ya roƙi mutuwa a jeji. Ubangiji kuwa ya ba shi abinci da barci, daga baya ya ba shi Elisha abokin aiki.

'Yan'uwa, takaba, da ciwo mai daɗewa, da kaɗaici sukan karya zuciyar tsoho. In kun ji yana cewa ya zama kaya, ko kun ga yana rarraba kayansa, ku tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa, gama tambayar ba ta sa masa wannan tunani. Kada ku bar shi shi kaɗai. Ku kawar da maganin ƙwari, ku kai shi wurin likita, domin baƙin ciki mai tsanani ciwo ne mai magani.

Tambaya: Wane dattijo ne cikin ikilisiyarmu muka daina neman shawararsa?