Yadda Ake Zaɓar VFD Ga Injin Lantarki: Darasi Ga Masu Burtsatse Da Injin Niƙa

A Abakpa da maƙwabtanta irin su Unguwar Shanu, a ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, sana'o'i da yawa kan injin lantarki suka dogara: masu niƙa, kafintoci, masu wankin mota da masu sayar da ruwan burtsatse. Kukansu kusan ɗaya ne. Da an kunna injin sai janareta ya yi gurnani, ƙwayayen wuta su dusashe, wata rana kuma koyil ya ƙone. Na'urar VFD tana maganin yawancin wannan, amma idan aka sayo wadda ba ta dace ba, an yi asara biyu.

Mene ne VFD?

Wutar da Kaduna Electric ke kawowa, kamar ta ko'ina a Najeriya, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, wato 50Hz. Wannan adadi shi ke yanke gudun injin. Shi ya sa yawancin injina ake ganin an rubuta musu kusan 1,440 ko 2,880 a matsayin juyin da suke yi a minti ɗaya.

VFD akwati ne da ake sakawa tsakanin wuta da injin. Yana karɓar wutar, ya mayar da ita irin ta batir, sannan ya sake ƙera ta da adadin Hz ɗin da aka umarce shi. Idan aka sa shi a 25Hz, injin zai yi rabin gudunsa. Fasahar ba sabuwa ba ce, kamfanin Danfoss na ƙasar Denmak ya fara ƙera ta da yawa tun 1968.

Amfaninsa

Na farko, tashi a hankali. Injin da aka kunna kai tsaye yakan ja wajen ninki shida na wutar da yake ci a bakin aiki. Mai cin 11A zai iya fizgar sama da 60A a lokacin tashi, kuma wannan fizga ce ke durƙusar da janareta. VFD yana tayar da shi daki-daki.

Na biyu, rage cin wuta. A fanka da famfon ruwa, rage gudu da kashi 20 cikin 100 na iya rage cin wuta da kusan rabi. A burtsatse ragin ba ya kai haka, domin dole famfon ya yi ƙarfin ɗaga ruwa daga ƙasa zuwa tanki. Duk da haka lissafi ne mai muhimmanci tun da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024.

Abubuwa biyar da za a duba kafin saye

1. Farantin jikin injin. Kowane injin yana da ƙaramin faranti mai bayanansa. A ɗauki hotonsa da waya kafin a tafi kasuwa. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce mai harafin A, ba HP ko kW ba. Injin 5.5kW, wanda ake kira 7.5HP, yakan ci wajen 11A a kan 400V, amma sumo mai ƙarfi ɗaya da shi yakan ci fiye da haka. Dole abin da VFD ke fitarwa ya kai lambar da ke farantin ko ya ɗara ta.

2. Irin wutar da ke wurin. Yawancin gidaje da shaguna layi ɗaya suke da shi, mai 230V. Akwai ƙananan VFD, galibi zuwa 2.2kW, da ke karɓar layi ɗaya su fitar da layi uku. Sai dai layi ukun da suke fitarwa 230V ne, ba 400V ba. Don haka sai farantin injin ya nuna 230/400V, kuma mai gyara ya sauya haɗin wayoyinsa zuwa na delta. Injin layi ɗaya mai kafasito kuwa, VFD na yau da kullum ba nasa ba ne.

3. Nauyin aikin. Famfo da fanka suna tashi da sauƙi. Injin niƙa da na yankan katako suna buƙatar ƙarfi tun daga farko, musamman idan hatsi ya cushe. Shi ya sa VFD da yawa ke da lamba biyu: ta aiki mai sauƙi, mai jure ƙarin kashi 10 zuwa 20 na minti ɗaya, da ta aiki mai nauyi, mai jure ƙarin kashi 50. Mai niƙa ya yi lissafi da ta biyun.

4. Zafi da ƙura. Yawancin VFD an gina su ne su ba da cikakken ƙarfi har zuwa zafin digiri 40. Shagon kwano a watan Maris ko Afrilu zai iya wuce haka, don haka ya kyautu a ƙara girman na'urar mataki ɗaya, a kuma bar mata iska. Mai alamar IP20 ba ta tare ƙura, sai an sa ta cikin akwati. Inda ake garin masara da ƙurar hunturu, a nemi IP54 zuwa sama.

5. Tsawon waya. Idan wayar da ta tashi daga VFD zuwa sumo ta yi tsawo sosai, wutar kan riƙa yin tsalle tana cin rufin koyil. Littafin na'urar yana faɗin iyakar tsawon, kuma idan an wuce shi sai an ƙara matatar wuta a bakin fita.

Mai sola fa?

Akwai VFD na musamman da ke karɓar wuta kai tsaye daga farantan sola ba tare da batir ba. Rana na ƙarfi, famfo na ƙara gudu. Inbatar gida ba ta wannan aikin, kada a haɗa su.

Kura-kuran da ke ƙona na'ura

Kada a sa makunni tsakanin VFD da injin ana kashewa ana kunnawa yana cikin gudu. Kada a bar injin yana tafiya a hankali na tsawon lokaci, domin fankar da ke sanyaya shi ita ma ta rage gudu. Sumo kuwa ba a saukar da shi ƙasa da 30Hz. Sannan VFD yana riƙe wuta mai kisa bayan an kashe shi, sai a jira mintunan da aka rubuta a jikinsa kafin a taɓa wayoyinsa.

ABB, Schneider Electric, Siemens, Delta da INVT duk suna da littattafan na'urorinsu a intanet kyauta. Kafin a biya kuɗi, a rubuta lambar samfurin a waya, a sauke littafin, a gwada lambobinsa da hoton farantin injin. Haɗawa da saiti kuma a bar wa ƙwararren mai aikin lantarki.