Darasi: Gwajin Idon Yara

Ƙaramin yaro ba ya sanin ganinsa ya ragu. Sai dai ya matsa kusa da allo, ko ya riƙa tuntuɓe da magariba, har a ce masa daƙiƙi.

Ɗaliban kiwon lafiya masu aikin sa kai sukan gwada idon yara kyauta. Sukan kafa kwali mai harafin E. Yaro ya tsaya nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya, ya nuna inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Ba sai ya iya karatu ba.

Yaron Tozai da ya kasa, iyayensa su kai shi asibitin Illela ko Sakkwato. Dundumi kuwa, ƙarancin bitamin A ke kawo shi. Zogale, man ja da hanta suna hana shi.