Akuya Tana Yin Nata, Ɗan Adam Sai Ya Nema

Duk wanda ya san ƙasar Gobir, daga Tsamaye zuwa Sabon Birni da Isa, ya san jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Akuyar nan takan ƙare rani a kan harawa da busasshiyar ciyawa, ba a ga dasashinta yana jini ba. Mai ita kuwa, in ya yi wata uku ba ya cin kome sai tuwon gero da miyar busasshen ganye, jikinsa yana iya ɓaci. Mas'alar wannan mako ita ce dalilin wannan bambanci.

A sani cewa akwai wani sinadari da malaman kimiyya suke kira bitamin C. Akuya da tunkiya da saniya suna yin nasu a cikin hanta, daga sukarin da ke cikin jini, kaza kuwa a ƙoda take yin nata. Hantar ɗan Adam tana iya fara aikin, amma abin da ke cika matakin ƙarshe babu shi a jikinsa. Haka biri yake. Saboda haka Allah ya sanya rabon mutum a cikin tsirrai, sai ya ci ya samu.

To, mene ne aikinsa? Fata da jijiyoyin jini da dasashi duk an gina su da wani abu mai suna kolajin, wanda yake kamar igiya mai tufka uku. Shi ne abin da majemi yake jemewa ya zama kirgi. Ba ya tufkuwa da ƙarfi sai da taimakon sinadarin ƙarfe, shi kuwa ƙarfen nan bitamin C ne ke mayar da shi kan aikinsa duk lokacin da ya dakushe. In aka rasa shi, igiyar sai ta fito sako-sako: dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, miki ya ƙi warkewa, har tsohon tabo ya buɗe. In abin ya yi nisa yana kisa. A 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila, James Lind, ya gwada magunguna a kan matuƙa 12 masu wannan ciwo, biyun da aka ba lemo su ne suka murmure. Sai a 1932 aka tabbatar da sinadarin da ya warkar da su.

Abin da baligi yake bukata kaɗan ne, wajen miligiram 45 a yini, amma jiki ba ya ajiyarsa da yawa. Busasshen gero da dawa ba su da shi. Shanya a rana tana rage shi, doguwar dahuwa tana cinye shi, kanwa kuwa ta fi su ɓarna, ga shi uwargida ba ta rabuwa da ita a miya. Tsami ma ba hujja ba ne, domin tsamiya ba ta da shi sai ɗan kaɗan. Inda yake da yawa shi ne farin garin cikin 'ya'yan kuka, wanda ake damawa da nono, da gwaiba, da ɗanyen tattasai da tumatir na fadama, da lemun tsami.

Abin ya fi shafar wanda aka raba da gonarsa. A shekarun 1980 ciwon ya ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Somaliya da Sudan da Habasha, inda galibi hatsi ake rabawa. A 2019 dubban mutane daga wannan yanki sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Mai kai wa irin waɗannan bayin Allah buhun gero ya kyauta, amma ya haɗa musu da 'ya'yan kuka. In babu, waken da aka jiƙa har ya tsira yana yin bitamin C da kansa, muddin ba a dafa shi ya daɗe a wuta ba.