Idan Yaya Ya Tafi Birni, Wa Zai Yi Aikinsa?

A darasin Zamantakewa an koya mana ƙaura daga karkara zuwa birni. Ni kam a gidanmu na fara ganin wannan darasi kafin in gan shi a allo, shi ya sa na rubuto.

Ƙaurar iri biyu ce. Akwai cin rani, wato mutum ya tafi Kano ko Kaduna ko Abuja ko Legas bayan an gama girbi, ya dawo idan damina ta faɗi. Akwai kuma wanda ke tafiya ya tare can gaba ɗaya. Abin da ke kai su shi ne rashin aiki da rani, da tsadar taki, da ƙanƙancewar gona idan aka raba gado, da rashin tsaro a wasu yankuna. A birni sukan yi dako, ko garuwa, ko gadi, ko sayar da shayi, ko tuƙin Adaidaita Sahu.

Aikin gida

Mutum yakan tafi, amma aikinsa yana nan. Da yayana ke gida, shi ke ɗebo ruwa, ya yo itace, ya yanko wa awaki ciyawa. Da ya tafi Kano, sai aikin ya faɗo kaina da ƙanena. Kullum sai na je rijiya sau uku kafin in sa kayan makaranta, kuma sau da yawa nakan tarar an gama taron safe. Inna ma bayan daka da girki, yanzu ita ke kula da dabbobi. Idan matasa ba su dawo da wuri ba, gayya takan yi wuya, dole Baba ya ɗauki 'yan ƙwadago ya biya su.

Hannu da kuɗi

A da, dukiyar gidanmu a rumbu take da turke. Idan buƙata ta taso, a auni gero ko a kai akuya kasuwa. Yanzu ido yana kan waya, ana jiran Yaya ya turo a je wajen mai POS a cire. Kuɗin yana da amfani, don da shi aka sayi taki da littattafaina. Amma ya kawo sababbin ɗabi'u: cin bashi a shago da sunan “idan an turo zan biya”, da sayen taliya da burodi alhali ga hatsi a gida. Shi ma Yaya ba tsintar kuɗin yake yi ba. A birni har ruwan wanka saye ake yi, ga kuɗin haya.

A farkon shekarar 2023, lokacin canjin takardun naira, mun ga darasi. An turo kuɗi amma babu tsabar da za a cira. Gidan da ke da hatsi a rumbu shi ya ci tuwo hankali kwance.

Me ya kamata mu yi?

Na ɗaya, a raba aikin gida tsakanin maza da mata, kada ya taru a kan yarinya ɗaya har ta bar karatu. Na biyu, a ɗebo ruwa tun da yamma don kada a makara. Na uku, idan kuɗi ya zo a cire wani abu a sa a adashe ko a sayi ɗan akuya, domin don tuwon gobe ake wanke tukunya. Mu ma mu riƙa jefa canji a asusu.

Malamanmu kuma muna roƙo, idan ɗalibi ya makara, a fara tambayarsa dalili kafin a hukunta shi.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida