Darasin Kimiyya: Maniyyin Tarwaɗa a Ƙarƙashin Madubi

'Yan'uwa matasa, da yawa daga cikinmu sun fara kiwon tarwaɗa, kifin da Tonawa ke ce wa adwene. Sau da yawa mai kiwo kan haɗa ƙwai da maniyyi, ya jira, amma ƙwan ya yi fari ya lalace. Ɗaya daga cikin dalilan hakan yana cikin ƙirar ƙwayar maniyyin kanta.

Tun a 1677 wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, ya ga ƙwayoyin maniyyi da madubin ƙara girma. Yau mun san ƙwayar maniyyin tarwaɗa kashi uku ce.

Na farko, kai. Zagayayye ne, faɗinsa kimanin maikiron 2. Maikiron ɗaya shi ne a raba milimita ɗaya gida 1,000. A cikin kan ne gadon uba yake. Maniyyin ɗan Adam yana da 'yar hula mai narkar da bawon ƙwai, amma na tarwaɗa ba shi da ita. Ƙwan kifin yana da 'yar ƙofa guda ɗaya tak, ta nan ƙwayar ke shiga.

Na biyu, wuya. Gajere ne, ɗauke da 'yan mitokondiriya kaɗan, wato ma'ajiyar ƙarfin ƙwayar. Ke nan guzurinta ba shi da yawa.

Na uku, wutsiya. A cikinta akwai siraran bututu, tagwaye 9 a kewaye da 2 a tsakiya. Zamewarsu a jikin juna ita ke kaɗa wutsiyar.

To, ga inda darasin yake. Muddin ƙwayoyin suna jikin namiji, ba sa motsi. Da ruwa ya taɓa su sai su zabura, kuma cikin minti ɗaya ko biyu ƙarfinsu ya ƙare. Wadda ba ta sami ƙofar ƙwai ba a wannan lokaci, ta yi asara.

Saboda haka mu kiyaye abu uku. Kwano da hannu su bushe sarai. In za mu tsarma maniyyin, mu yi da ruwan gishiri, giram 9 a lita ɗaya. Kada mu zuba ruwa zalla sai mun gauraya ƙwai da maniyyi. Mu tuna ba a iya tatsar namijin tarwaɗa, sai an feɗe shi. Ɗigon ruwa ɗaya kafin lokaci na iya sa mu rasa kifin, mu rasa 'ya'yan.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.